Shekarar Da Aka Kawo Tsuntsun Ƙarfe

Na ji abin da kuke faɗi. Ƙafa ce ta gaza, kunnena bai mutu ba. Wasunku sun ce na jefa tsuntsun ƙarfen nan cikin dam ɗin Dutsin-Ma, wasu sun ce 'yan gwangwan na ba, suka ba ni robar wanki. Har wata mara kunya cikin jikokina, ba sai na faɗi sunanta ba don ta san kanta, ta ce wa ƙawayenta wai kakarta ko ta taka zinariya ba za ta gane ta ba. To ku zauna. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi, shi ya sa na sa Rakiya, autata, ta ɗauki biro. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mani baki. In kun ga magana ta karkace, tawa ce.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu ba ku sani ba, tunda ina ganinku kuna rungumar 'ya'yanku na fari gaban surukai, kuna kiran sunansu tun daga bakin ƙofa kamar masu tallar goro. A gidanmu na Barkiya, ɗan fari ba naki ba ne. Ba ki faɗin sunansa, ba ki kallon fuskarsa, in ya faɗi ya fasa baki gaban mutane sai ki ci gaba da tankaɗenki, wata ta ɗauke shi. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Da aka yaye nawa, Gwaggo Hansai, yayar mai gidana Malam, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Dutsin-Ma. Ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mani, yadda ya ji ƙannena na faɗi. Ni kuwa in magana ta kama dole sai in ce mutumin Dutsin-Ma, kowa ya san wanda nake nufi. Rakiya ta ɗaga kai tana kallona. Ki rubuta abinki, ko a takarda ba za ki ji sunan nan a bakina ba.

Amma kada ku ɗauka wanda ba a kallo ba a saninsa. Ta ƙafa na san shi. In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ni, idona na ƙasa, kuma ƙasa tana faɗin gaskiya fiye da fuska. Na san shekarar da takalminsa ya matse shi bai faɗa wa kowa ba. Na san ranar da zazzaɓi ke jikinsa ta yadda yake jan ƙafar hagu. Na san tarinsa cikin tarin maza goma a zaure. Abin da aka bar mani ke nan, kuma na riƙe shi da kyau.

Ya yi karatu har wuraren da ban iya faɗin sunansu ba, ya dawo ya zama mai ɗaukar fim. Ba irin na rawa da waƙa ba. Shi mutane yake bi suna aikinsu, ya tsaya yana ɗauka ba ya ce masu komai. Malam bai so sana'ar ba, amma Malam mutum ne da ba ya tsinke igiya sai ya ga ta kusa shaƙe wani. Wata kaka sai ga shi da na'ura a kafaɗa, ya nemi izini zai ɗauki aikin mata a kan gero, tun daga dami har ya zama fura a ƙwarya. Malam ya ce ya yarda, amma ban da matan aure masu ƙuruciya, tsofaffi kawai. To tsofaffin gidan su wa ke nan? Ni ce.

Ranar farko a masussuka, na juya mashi baya na kama aikina. Ya zagayo, na zagaya. Ya sake zagayowa, na sake. Daga ƙarshe ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Yaya, ɗan juyo nan kaɗan."

Na ce da Rakiya, "Ki faɗa wa mai na'ura, iska ke gaya wa mai shiƙa inda za ta fuskanta, ba shi ba."

Bai sake roƙo ba. Ya koma bayana ya kafa ƙafafun na'urarsa, nan ya tsaya har kakar ta ƙare. Ni kuwa tunda aka yaye shi ban taɓa samunsa kusa da ni na tsawon lokaci haka ba. Ina jin idonsa a ƙeyata kamar yadda ake jin hantsi ta cikin mayafi. In na ɗaga ƙwarya sama na saki gero, ƙaiƙayi ya tashi ya bi iska, sai in ji duniya ta yi shiru, ba kukan kaji, ba muryar yara, daga ni sai zubar tsaba sai numfashin wanda ke bayana. Aikin da na saba gamawa kafin azahar na riƙa jansa har la'asar. Gwaggo Hansai, da ta biyo ɗanta kallo, tana zaune a inuwar rumbu tana taunar goro, ba abin da ke wuce ta.

"Matar Malam, yau hannunki ya yi sanyi. Ko taɓaryar ce ta ƙara nauyi?"

"Geron bana ne mai taurin kai, Gwaggo."

"Ai na gani. Gado ya yi."

Ya naɗe kayansa ya tafi, damina ta zo ta wuce, har na ɗauka maganar ta bi ruwa. Sai wata rana Rakiya ta shigo da gudu, mayafi a hannu, ta ce an zaɓi fim ɗin yayanta za a nuna shi a wani babban biki a ƙasar waje. Na ce bikin wa, aure ko suna? Ta yi dariya har ta zauna. Ta ce biki ne na masu fim, a wani gari na bakin teku, duk shekara ake yinsa tun kafin a haifi yayanta, tun kafin ma a kawo ni gidan Malam. Kowace ƙasa ta aiko da nata, a tara alƙalai su zauna cikin duhu su yi kwanaki suna kallo, sannan su ce wannan ya fi, a ba shi kyauta. Na ce ashe nunin amfanin gona ne, irin wanda ake yi a Dutsin-Ma, kowa ya jawo bijiminsa ko ya ɗauko zangarniyarsa mafi tsawo, manya su zagaya suna taɓawa. Ta ce kusan haka. Na ce to shi me ya kai? Ta ce, "Ke ya kai, Inna."

Masu bikin sun aiko a zo da tsohuwar da ke cikin fim ɗin. Bai iya tarata da maganar ba, Gwaggo ya turo. Ta zo ta baje a tabarmata ta ce an tanadi kujera biyu a jirgi, a jere, tawa da tasa.

"Ni da shi kafaɗa da kafaɗa, daga nan har bakin teku? Ina zan sa idona?"

"Ki sa shi a taga."

"In na yi barci kaina ya faɗa kafaɗarsa fa?"

"Sai duniya ta tashi. Ke dai Allah ya yi ki da itacen kirya."

Ban je ba. Shi kaɗai ya tafi.

Bikin ya same ni har gida, cikin wayar Rakiya. Bayan azahar ne, rana ta danne gari, kowa ya shige ɗaki, ina zaune gindin bedin tsakar gida. Ta miƙo mani ta ce an turo yadda aka yi. Na ga wani ɗaki da zai haɗiye kasuwar Kurfi da rumfunanta, kujeru hawa-hawa, mutane farare da baƙaƙe da masu ƙananan idanu, sun tako jar darduma sun shigo sun zauna. Aka kashe fitilu. Sai ga bayan wata mata ya cika bango, tsawonta ya fi kukar ƙofar gidanmu. Na gane zanen kafin in gane matar. Ta ɗaga ƙwarya, gero ya zubo, kowace tsaba kamar ƙwallon goruba, ƙaiƙayi ya tashi cikin hasken rana ya tsaya a sama bai sauko ba, yana ta juyawa, rawaya-rawaya, har ya yi kamar zai fito daga bangon ya sauka kan mutanen nan masu tsadaddun riguna. Ba wanda ya yi tari. Shekara nawa ina shiƙa, ban taɓa sanin abin da ke faruwa a bayana yana da kyau haka ba. Na ji kamar ni ce a can kuma ni ce a nan, ɗaya na aiki a bakin teku, ɗaya na zaune gindin bedi ta rasa abin yi da hannuwanta. Tekun ban gan shi ba, amma na ji shi a bayan bangon, kuma a raina gonar gero ce da ba ta da iyaka, iska na kwantar da ita tana tashi.

Aka kunna fitilu, suka miƙe tsaye suna tafi. Wata tsohuwa mai farin gashi cikin alƙalan ta hau ta yi dogon jawabi, ta kira suna, sai ga shi ya fito.

Nan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na fara sunkuyar da kai, yadda na saba. Sai na tuna ai ba shi ba ne, hotonsa ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa a ji kunyar gilashi. Na ɗaga ido. Ya ku jikokina, mutum mai furfura a gemu na gani, ni da na bar jariri. Kunnuwan mahaifina ne a kansa, manya, masu ɗan lanƙwasa a sama. Wushiryar da ke bakina tana bakinsa. In zai yi magana sai ya ɗan karkata kai dama, kamar mai sauraron ruwa na zuwa daga nesa, kuma duk Barkiya ba mai yin haka sai ni. Aka miƙa mashi wani abu mai walƙiya, ya riƙe da hannu biyu ya yi magana da yarensu.

Na ce, "Me tsohuwar ta ce?"

"Ta ce abin da ya kama su, matar nan tun daga farko har ƙarshe ta ƙi yarda na'ura ta ga fuskarta. Wai ta fi ƙarfin a mallake ta."

"Su da na'urarsu. Wa ya damu da ita? Shi kuma fa?"

Rakiya ta ce, "Ya ce ya yi fim ɗin ne don ya samu dalilin tsayawa ya kalli uwarsa."

Na ce ta tashi ta duba wake a wuta kada ya ƙone, ta bar mani wayar, ta nuna mani inda ake dannawa ya koma farko. Na danna ya koma, na danna ya koma, inuwar bedi ta bar ni ta tafi bango ban sani ba, har gilashin ya yi baƙi don kansa.

Ranar da ya dawo, gidanmu ya cika. Maƙwabta, ɗaliban Malam manya masu gemu, har wani limami abokin Malam daga Birchi. Saboda taron na gida ne aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza gefe, mu gefe. Na zaci Gwaggo zai kai wa kyautar, ita ta ci kashinsa da fitsarinsa. Sai na ga ƙafafunsa sun wuce tabarmar Gwaggo, sun wuce ta Malam, sun tsaya gabana. Ya durƙusa, ya buɗe wani akwati mai laushin ciki, ya fito da abin ya aje dab da yatsun ƙafata. Tsuntsu ne na ƙarfe, ruwan zinariya, tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, dogon wuya, dogon baki, ya ɗage ƙafa ɗaya kamar zai taka ruwa. In ba don launi ba sai in ce shamuwa ce. Har idanu aka yi mashi.

Ni mai kallon ƙasa ce, amma ƙasa ba ta hana ni ganin gefe. Na ga babban yatsan Malam ya tsaya a kan carbi. Na ji limamin Birchi ya gyara murya. Na san abin da ke tafe, don na taɓa gani. Rakiya na ƙarama wani ya kawo mata 'yar tsanar roba daga Kano, Malam ya ce mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da surar mai rai, sai in an cire kan, in an cire ya zama ba komai ba. Da hannunsa ya cire, yarinya na kuka. Ba mugunta ba ce, abin da ya karanta ke nan kuma a kansa ya rayu. In ya buɗe baki gaban ɗalibansa da abokinsa ya yanke hukunci, ba mai maido shi, ko shi kansa. Gobe da safe tsuntsun nan na maƙera, wuyansa a kan uwar maƙera, kuma mai shi na tsaye yana kallo. Tsakanin gyaran muryar liman da buɗe bakin Malam, abin da nake da shi bai fi numfashi ɗaya ba. Na riga su.

"Rakiya, ki ce wa mai abin nan ya fitar mani da shi daga gida."

Yatsan Malam ya ci gaba da jan carbi, tunda abin da ya fita gida ya fita hukuncinsa. Ƙafafun da ke gabana suka daɗe ba su motsa ba. Sannan ya ɗauki tsuntsun, ya bar akwatin, ya bi ta zaure, na ji ƙarar ƙarfe a kan dakalin waje, na ji an buɗe mota. Gwaggo Hansai ta miƙe tana neman takalmanta da ƙafa.

"Kunya muka sani, mu ma mun yi ta. Wannan ba kunya ba ce. Yaro ya ƙetare teku ya ɗauko maki duniya a hannu, ki ce a zubar? Allah ya isa tsakanina da zuciyarki."

Da aka kira la'asar maza suka tafi masallaci, na yafa mayafi na leƙa waje. Yana nan kan dakali, a kwance, akuya na shinshinarsa. Na sa shi cikin kwando na rufe da dusa na shigo. A ƙasan adakata akwai wani majanyi na saƙi, baƙi da ratsin fari, wanda na goya mutumin Dutsin-Ma da shi kafin a karɓe shi. Ban goya kowa da shi ba bayansa. Da shi na naɗe tsuntsun.

Washegari na kai wa Malam fura, na durƙusa ban tashi ba.

"Malam, rumbu ɗaki ne?"

Ya daɗe yana juya ludayi. "Ana kwana ciki?"

"A'a."

"Ana salla ciki?"

"A'a."

"To rumbu rumbu ne." Ya kurɓa. "Kuma ni ban cika leƙa rumbun mata ba."

Iyakar maganarmu ke nan a kai har ya koma ga Allah. Ina da ɗan rumbuna a bayan gida, can wajen danga, inda nake zuba geron gayaunata. Ranar Juma'a da gari ya watse, na jingina tsani na hau, lokacin gwiwa na bin umarnina, na ɗage jinka na shiga, na ɗaga dammunan ƙasa na kwantar da shi na mayar. A gidan ubana akwai al'ada, ba a cinye rumbu har gindi. Ko yunwa ake sai an bar dammunan ƙasa, don sabon gero ya tarar da tsoho su gaisa, albarka ba ta yanke ba. Duk yaron da na aika ɗebo mani gero ya san inda hannunsa ke tsayawa. Na san ba mai kai wa gare shi.

Za ku ce me ya hana in aika a gaya mashi. Ku kuna ganin magana kamar ruwan randa ce, kowa ya ɗiba. In na aika, na yabi ɗan fari da bakina, wannan ɗaya. Na biyu, zance ba ya zama inda aka aje shi. Gwaggo za ta ji, in Gwaggo ta ji Dutsin-Ma ta ji, kafin Juma'a ta zagayo an ce Malam na wa'azi a zaure, gunki na kwance a bayan gidansa. Mutumin da ya kau da kai don ni, ba zan saka mashi da haka ba. Na zaɓi in yi shiru. Ban ce na yi kuskure ba, in aka maido ranar abin da zan faɗa ke nan. Amma abin da ya biyo baya ni na ɗauke shi, ba ku ba.

Ya daina shigowa. Yakan zo Dutsin-Ma wajen Innarsa, ya aiko da atamfa da sukari, in ya iso Barkiya ya tsaya a zaure ya gaida Malam, in ji muryarsa ta bango yana cewa a gaida Yaya. Ƙafafun ma da aka bar mani, aka karɓe. 'Ya'yansa suka tashi suna jin labarin kakar da ta kori ubansu da kyautarsa, ga shi har kun ƙara mata da 'yan gwangwan. Shekaru suka yi ta wucewa haka. In rana ta take na kishingiɗa gindin bedi, tsakanin barci da ido biyu, sai in ga tsuntsun a ƙarƙashin gero, cikin duhu mai ƙamshin kaka, ya sauke ƙafar nan da ya ɗage, yana tsince tsaba ɗaya-ɗaya. Wani lokaci in ga ya fito ta saman jinka ya yi yamma, ya je ya leƙa garin bakin teku, inda har yanzu matar nan ke tsaye a bango tana shiƙa ba ta gama ba. In shamuwa ta sauka kan kuka farkon bazara, yara na murna ruwa ya kusa, ni rumbu nake kallo.

Da Malam ya rasu ya zo, ya zauna karɓar gaisuwa a waje tare da maza, aka yi addu'a ya koma. Na yi takabata na fita. Yanzu ba sauran wanda zance zai taɓa sai ni. Sai na fara fitar da gero sadaka, ladan ya kai ga Malam. Dami bayan dami, gidan marayu, gidan makaho, masu wucewa. Maƙwabta suka fara magana, wai tsohuwa ta rikice, za ta cinye gindin rumbu ga damina tafe. Na bar su. Da yaron da ke shigar mani ya ce saura dammunan ƙasa, na ce ya sauko, kada ya ƙara hawa. Na sa aka kai ni Dutsin-Ma wajen Gwaggo Hansai, wadda rabon da ta yi mani magana mai daɗi tun ranar taron. Ido ya tafi, baki na nan.

"Gwaggo, a gaya wa mutumin Dutsin-Ma gero ya kai gindi. Ƙafata ba ta hawa tsani, kuma ba na son bare ya ga gindin rumbuna."

"Duk mazan Barkiya sun ƙare ne, sai an taso mutum daga birni ya shiga maki rumbu?"

"Ki dai faɗa."

Ta juyo da makafin idanunta wajena. Ta ce, "Ke fa ba ki taɓa yin abu ba dalili ba, shi ne abin haushin."

Ya zo ranar wata Laraba da hantsi, hadari na haɗuwa a gabas. Ina zaune bayan gida na ba rumbu baya, ina tsince wake a faifai, Rakiya na gefena. Inuwarsa na gani a ƙasa. Ta cire hula, ta tuɓe babbar riga, ta hau tsani a hankali, don mai inuwar ya yi jiki. Jinka ta ɗagu. Na ji dirarsa ciki, na ji yana jan dammuna, ɗaya, wani, sannan ban ƙara jin komai ba. Na tsince waken nan tas, na juye shi na sake tsincewa. Rakiya ta ce ko ta leƙa, kada maciji ne. Na ce ta zauna. Iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, shamuwa biyu suka wuce ta kanmu, shi dai shiru.

Da ya fito, ƙafafunsa suka zo gabana suka tsaya, fari fat da ƙurar gero. Sun tsufa. Har yanzu ta hagu na ɗan ja. Ya aje dami ɗaya ya durƙusa ya ce:

"Yaya, ƙaiƙayi ya shigar mani ido."

"Rakiya, ki ce mashi haka tsohon gero yake. Ya wanke da ruwan sanyi."

"Na bar na ƙasan yadda na same su," in ji shi. "Sabo ya tarar da tsoho."

Na ce Rakiya ta dama mashi fura, ta kuma share ɗakin Malam, tunda hadarin nan ba zai bar mota ta fita hanyar Kurfi ba. Ya kwana uku a Barkiya. Da rana ina jin tarinsa ta bango, a cikin gida, ba a zaure ba.

To kun ji. Tsuntsun na nan inda yake, da kansa a wuyansa, gero na kansa, kuma wanda ya hau mani tsani don ya ɗauki hoto da waya, ni da shi ne. Abu ɗaya ne ya ɓata ranar. Da ya miƙe zai mayar da rigarsa, na ga bakin wani tsohon saƙi, baƙi da ratsin fari, ya leƙo daga aljihunsa. Majanyina ne, ba wanda na ba. Wanda ya ɗauka ya san kansa. Ban ce na yafe ba, ban kuma ce a maido ba.